Yaya, Game da Takardar Jinin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ya Inna da ɗawainiya? Hotunan takardun sun shigo, saƙon muryarka ma na saurara, kuma daga jin muryar na san ba ka runtsa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuto, don a waya kuka ne yake ƙwace mini kafin in gama bayani.

Abin da ya tayar maka da hankali shi ne lambar nan da aka zagaye da jan biro, CRP 42, da kuma abin da ka karanta cewa masu kansar mafitsara da jininsu ya nuna kumburi ba sa daɗewa. Ba zan ɓoye maka ba, maganar tana da tushe. Tun a 1863 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da fararen ƙwayoyin jini cunkushe a cikin ƙari, ya ce lallai akwai alaƙa tsakanin kumburi da kansa. CRP sinadari ne da hanta take fitarwa idan jiki yana fama da kumburi. Likitoci a Glasgow, nan ƙasar Sikotilan, sun haɗa shi da wani sinadarin da ke cikin jini, albumin, suka yi ma'auni: idan CRP ya haura 10 alama ce marar kyau, idan kuma albumin ya faɗi ƙasa da 35 a tare da shi, abin ya fi tsanani. Na Baba 36 ne, yana bakin iyaka amma bai faɗa ba. Akwai kuma wani lissafin da ake yi da fararen ƙwayoyin jini iri biyu, nutrofil da limfosayit. Limfosayit su ne masu farautar ƙwayoyin kansa, nutrofil kuwa idan suka yi yawa sukan fitar da abubuwan da ke taimaka wa ƙarin ya samu sababbin jijiyoyin jini. To idan nutrofil sun rinjayi limfosayit da nisa, bincike da dama ya nuna ciwon ya fi saurin dawowa.

Amma Yaya, duba ranar da aka ɗebi jinin. Kwana biyu ne bayan an kankare masa ƙarin, ga robar fitsari a jikinsa, ga zazzaɓin da ka ce ya kwana da shi. A wajen aikina ina ganin irin wannan kullum: mutum ya fito daga tiyata, a rana ta biyu ko ta uku CRP ɗinsa ya yi sama, bayan mako biyu a sake aunawa a ga ya sauko. Ƙwayoyin cuta a fitsari kaɗai sun isa su ɗaga shi. CRP kamar hayaƙi ne, yana gaya maka akwai wuta, ba ya gaya maka ɗakin da take ci. Su kansu masu binciken ba su daidaita a kan lamba ɗaya da za a ce daga nan haɗari ya fara ba, kuma lissafinsu na taron marasa lafiya ne, ba na mutum guda ba. Ban taɓa ganin likitan da ya yanke wa mara lafiya hukunci da wannan lambar kaɗai ba. Ka roƙi a gwada fitsarin, a yi maganin cutar in akwai, sannan a sake ɗibar jini idan jikin ya lafa.

Takardar da nake jira da zuciya ɗaya ita ce ta naman da aka kankaro aka kai ɗakin gwaji. Ita za ta faɗa mana ko ciwon ya tsaya a fatar cikin mafitsara ko ya nutsa cikin tsoka. Kusan uku cikin huɗu na masu wannan ciwo ana gano shi ne kafin ya kai tsoka. A ƙididdigar Amurka, idan bai fita daga mafitsara ba, kimanin bakwai cikin goma suna nan da ransu bayan shekara 5; idan ya bazu zuwa gaɓoɓi masu nisa, bai kai ɗaya cikin goma ba. Ka ga tazarar. Kwana na hannun Allah, amma wannan shi ne abin da likita zai fi aunawa.

In bai kai tsoka ba, wataƙila su kawo maganar BCG, rigakafin tarin fukan nan da ake yi wa jarirai. Tun 1976 da likita Alvaro Morales ya gwada shi a Kanada ake zuba shi cikin mafitsara ta siririyar roba, sau ɗaya a mako har mako 6, mutum ya riƙe kamar awa biyu sannan ya fitsarar. Aikinsa shi ne ya tayar da kumburi da gangan, don garkuwar jiki ta farka ta auka wa ƙwayoyin kansar. Baba zai ji zafin fitsari da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kada ku tsorata ku daina zuwa. Amma in zazzaɓin ya yi zafi ya ƙi sauka, ku garzaya da shi asibiti. In kuwa ciwon ya shiga tsoka, magana ta koma ta maganin kansa da ake kira cisplatin da cire mafitsarar, ko gashin ƙarin da na'ura, kuma a nan jinkiri ne babban abokin gaba. Ba a so a wuce wata uku ana shawara. A duba ƙodarsa tun yanzu, don cisplatin ba ya yiwuwa sai da ƙoda mai ƙarfi.

Wani abu kuma, don Allah kada ka manta. Ka gaya wa likita cewa Baba ya yi fama da tsargiya yana yaro. Ƙwan tsutsar da ke jawo ta yakan maƙale a bangon mafitsara ya yi shekaru yana hura kumburi, kuma kansar da yake haifarwa sau da yawa wani nau'i ne daban, maganinsa ma ya bambanta.

Ku lura da cin abincinsa da nauyinsa, ku riƙa auna shi duk mako kuna rubutawa, don rama tana jan albumin ƙasa, tana kuma rage masa ƙarfin ɗaukar magani. Ya riƙa ɗan takawa ko a cikin gida ne.

Kai kuma Yaya, ka yi haƙuri da ƙanwarka. Kusan rabin masu wannan ciwo taba ce sila. Ina roƙonka ka ajiye ta.

Da zarar takardar ta fito ka ɗauko mini hoton kowane shafi, har da bayansa, ko da tsakar dare ne. Ka gaishe mini da Inna, ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a idan na tashi daga aiki.

Taka ƙanwa.