Rigimar tsoffin sulalla: mai saye ya nemi takarda tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan rigimar da aka yi ta bugawa a kotunan Amurka tsakanin masu sha'awar tara tsoffin sulalla da gwamnatoci, wasu za su ce ina ruwanmu, to wallahi da ruwanmu.

A 2009 wata ƙungiyar masu tara sulallan, Ancient Coin Collectors Guild, da gangan ta sayo guda 23 na Saifurus da Sin daga Landan ta shigo da su Amurka ta birnin Baltimo ba takardar shaidar asalinsu, wai so suke kwastan su kama don a je kotu a gwada dokar. Aka kuwa kama. Dokar cewa ta yi in Amurka ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa, to duk mai shigo da irin kayan tarihin da aka lissafa sai ya nuna lasisin fitarwa, ko shaidar cewa kayan sun bar ƙasar tun kafin a sa takunkumin, na sulallan Saifurus a 2007, na Sin a 2009. Suka sha kaye, suka ɗaukaka ƙara nan ma haka, kotun ƙoli ma ta ƙi sauraronsu, aka kwashe wajen shekara 10 ana abu ɗaya.

Hujjarsu ita ce ai kuɗi yawo yake yi, sulen da aka buga a Saifurus shekara dubu biyu da suka wuce yana iya zuwa Masar ko Siriya a aljihun fatake, to ta yaya wata ƙasa za ta ce nata ne? Kuma an buga su da yawan gaske, yawancinsu ba su da wata tsada. Gaskiya maganar ba shirme ba ce, ni ma na yarda da rabinta.

Amma fa a duba abin da ya faru da sulen zinaren nan da Brutus, ɗan siyasar daular Rum, ya sa aka buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don tunawa da kisan shugaban Rum Juliyas Siza, gefe ɗaya fuskar Brutus, ɗaya gefen wuƙaƙe biyu da hula a tsakiya. An yi gwanjonsa a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3, da takarda tsaf mai cewa daga tarin wani attajirin Turai ya fito, ashe takardar ta bogi ce, dillalin mai suna Richard Beale aka cafke shi a New York a 2023, ya amsa laifi da bakinsa, aka mayar wa ƙasar Girka da sulen tunda daga can aka ce an sato shi. To in har abin da duk duniya ta zuba wa ido za a ƙaga masa asalin ƙarya, ina ga ƙananan da ake sayarwa a intanet kullum ba mai tambaya?

Abin da ya fi ci min rai shi ne ɓarnar da ake yi a wurin haƙar. Mai tonon dare ba ruwansa da tukunyar da sulallan ke ciki, ko zurfin da suke, ko gawayi da ƙasusuwan da ke kusa, ya farfasa ya kwashe ya yi gaba, alhali da waɗannan ne masana ke gane shekarun wuri da su wa suka zauna a ciki. Ko an dawo da sulen daga baya wannan ilimin ya tafi kenan.

Mu ma ai mun ɗanɗana. Gumakan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna da na Bura a Nijar haka aka riƙa tone su ana fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai, ɗan ƙauyen da ya sha rana a rami a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, dillali ya je can ya yi kuɗi, duk da cewa dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da irin na Nok ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. A Janairun 2022 Najeriya ma ta sa hannu da Amurka kan irin yarjejeniyar da waɗancan suka kai ƙara a kanta, kenan hukuncin da aka yanke musu shi ne zai kare namu kayan in sun isa hannun kwastan ɗinsu.

Ni dai ra'ayina nauyin kawo shaida ya zauna a wuyan mai saye da mai sayarwa, ba a ce ƙasar da aka yi wa sata cikin dare ta kawo hoton ramin ba. Hukumar gidajen tarihi kuma ta riƙa ba manomin da ya tsinci abu a gonarsa ya kai mata tukuici mai tsoka, kamar yadda Ingila ke biyan masu tsintuwa a ƙarƙashin dokarsu ta 1996, in ba haka ba dillali zai ci gaba da riga ta zuwa ƙauyen.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar.

Mai karatunku daga Kaduna