Amsar tambayarka ta gidan rediyo, Honorabul

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa irin wadda ta kamaci tsohon maigida. Ban saurari shirin ba, yara ne suka turo min muryarka a waya har sau huɗu. Ka ce ni da na shekara shida ina sakataren reshen matasa na jam'iyya, da wane baki yau nake kiran matasan jam'iyyu masu mulki 'yan banga? Ka ɗora da cewa haushin kujerar da na nema na rasa ne, kuma wai Turawa ke ɗaukar nauyina.

Zancen Turawa na bar wa duk wanda ya taɓa taya ni tura motata. Kujera kuwa, gaskiya ne, na nema na faɗi, kuma babu wanda ya kai ka sanin yadda ƙirgen daren nan ya gudana. Mu wuce. A rubutun da ya ɓata maka rai ban ambaci sunanka ba, ban ambaci jam'iyyarka ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Da wane baki" ɗin ne ya tsaya min a rai. To, da bakin da yake kiran sunaye. Ni ke riƙe da rajista. Da hannuna na rubuta yaran da suka zo liƙa fasta da jera kujeru, da hannuna kuma na rubuta su a wani shafi daban ranar da aka ce a ware masu ƙwari don "tsare akwati". Ban yi gardama ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Abin da ya raba ni da aikin dare ɗaya ne. Wani yaronmu ya sari mutum a wurin gangami, 'yan sanda suka kama shi. Kafin a gama yi wa wanda aka sara ɗinki, an buga waya ɗaya, yaron ya dawo ofis yana dariya yana tambayar kuɗin mai. Tun daga ranar nake da ma'aunina. Ba na duba riga ko hula ko gora. Tambayata ɗaya ce: in ya yi laifi, ɗan sanda zai iya kwanar da shi a caji ofis? In ba zai iya ba, wannan ba reshen matasa ba ne kuma, runduna ce da gwamnati ke ciyarwa ba tare da ta sa ta a kasafin kuɗi ba.

Shi ya sa ƙorafinka na cewa 'yan adawa ma suna da nasu bai dame ni ba. Suna da su, kuma ba su fi naku hankali ba. Sai dai nasu na ganin motar 'yan sanda su watse, naku kuwa su ɗare bayanta.

Ka ce irin wannan sai a ƙasashen da suka riga suka lalace. Interahamwe ta Ruwanda reshen matasa ce ta jam'iyyar MRND ta Shugaba Habyarimana. Da waƙe da rawa da riguna masu launi suka fara, su ne kuma suka tsare shingaye a 1994, lokacin da aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari. Ban ce naku za su kai can ba, kada gobe ka koma rediyo ka ce na faɗa. Na ce dai babu wanda ya raɗa musu suna makasa ranar da aka kafa su. A maƙwabciyarsu Burundi, matasan jam'iyyar CNDD-FDD mai mulki suna kiran kansu Imbonerakure, wato masu hangen nesa. Da Shugaba Pierre Nkurunziza ya nemi wa'adi na uku a 2015, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun same su kafaɗa da kafaɗa da 'yan sanda da jami'an leƙen asiri wajen kame da duka da kisa, mutum sama da 400,000 suka tsallake iyaka. Ko Ghana da kuke yawan kafa misali da ita, a watan Afrilun 2017 'yan Delta Force masu goyon bayan NPP, wata uku da hawan jam'iyyar mulki, sun kutsa kotu a Kumasi sun kwashe 'yan uwansu 13 a gaban alƙali. Sai da majalisar ƙasar ta yi dokar haramta irin waɗannan ƙungiyoyi a 2019.

Kai da kake cewa son yaran ne ya sa kake kare su, ka taɓa bin labarin ƙarshensu? Shugaba Kamuzu Banda ya shekara talatin yana kiwon Young Pioneers, matasan jam'iyyarsa, a Malawi, har makamai ya ba su. A watan Disambar 1993 sojoji suka far wa sansanoninsu, da yawa suka gudu Mozambik. Hitila da kansa ya sa aka kashe Ernst Röhm da sauran manyan SA, 'yan bangar jam'iyyarsa ta Nazi, a 1934, da ya ga ya fi buƙatar janar-janar. A Bangladesh, 'yan Chhatra League, reshen ɗalibai na jam'iyya mai mulki a lokacin, su ne suka riƙa dukan ɗalibai masu zanga-zanga a watan Yulin 2024. Ranar 5 ga Agusta Firaminista Sheikh Hasina ta hau jirgi sai Indiya, a watan Oktoba aka haramta ƙungiyar. Jirgin bai da gurbin yaran. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nan ne ma na fi jin haushinku, ku manya, har da 'yan jaridar da ke rubuta "matasa masu kishin jam'iyya" alhali suna ganin adda a hoton da suka ɗauka. Shekara shida ina rubuta sunaye, ban taɓa rubuta ɗan wani babba a shafin masu ƙwari ba. Naku suna jami'a, ana ajiye musu kujera. Na talaka a ba shi ƙwaya da riga mai hoton ɗan takara, in zaɓe ya wuce a canza lambar waya. Makamin kuma ba ya dawowa ofis, yana nan a hannunsa, unguwa ce ke biyan bashin har zaɓe na gaba.

Ka ce sunana ya zube a idon jama'a. Wataƙila. Amma rajistar tana nan a wurina, ban ƙona ta ba kamar yadda aka ba ni shawara. In ka amince, mu koma gidan rediyon tare, na zo da ita. Ni zan riƙa karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka riƙa faɗa wa masu sauraro inda kowane yaro yake yanzu.

Naka,
Tsohon sakatarenka