Wasiƙa zuwa ga ɗiyata da aka ɗauka aikin shafin jami'a

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan Katsina duk lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonki ya iso, cewa sashen kwamfuta na jami'arku ya ɗauke ki cikin ɗaliban da za su riƙa taimakawa wajen kula da shafin intanet da tsara fostoci da sanarwa. Allah ya sanya albarka, ya sa kin shiga a sa'a. Na lura ɗokinki ya fi yawa a kan zanen, kina son nuna abin da kika koya a shagona lokutan hutu. Madalla. Sai dai ba a kan kyan zane zan yi miki magana ba, wannan na san hannunki ya faɗa. Maganata a kan mutumin da zai karanta abin da kika saka ce.

Ni nake ganin mutanen nan ido da ido. Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai kin san yadda shago yake cika da masu son a cike musu fom. Dattijo zai taso daga Baure ko Mai'aduwa ko Jibiya da yaronsa, wataƙila sai da ya sayar da buhun gero kafin ya haɗa kuɗin mota da na rajista. Duk abin da aka nuna masa a shafin jami'a, a wurinsa hukuma ce ta yi magana. Bai san wata ɗaliba ce ta buga shi a gurguje tsakanin lakca da lakca ba. In kika rubuta 12 inda ya kamata ki rubuta 21, zai yi sammako ya zo ya tarar da zaure a kulle, kuma daga Daura zuwa Katsina kaɗai kusan kilomita 80 ne, balle wanda ya fito daga Funtuwa. Ba zai zagi ke ba, tunda bai san ki ba. Jami'ar zai ce ba ta da tsari. A da, in ana maganar babbar makaranta a ƙasar nan, sai a tuna Kwalejin Katsina. Yanzu ga Al-Qalam tun 2005, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tun 2006, ga ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, kuma kowace mutane ta shafinta suke fara saninta kafin su ga ƙofarta.

Saboda haka kada ki raina ƙananan ayyukan, don su ne mafi yawan abin da za a ba ki. Ba kullum ake bikin yaye ɗalibai ba. Abin da ke akwai kullum shi ne a ɗora jadawalin jarrabawa, a sauya sunan shugaban sashe saboda wa'adin na da ya ƙare, a rage girman hotunan wani taro, a gyara mahaɗin da in an danna ba ya kai mutum ko'ina, a sauke sanarwar bara da har yanzu take zaune a saman shafi tana ruɗa jama'a. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne ɓarna, domin tsohuwar sanarwa ba ta da alamar tsufa in ba a rubuta mata kwanan wata ba. Duk abin da kika ɗora, ki sa masa rana da wata da shekara.

Kafin ki saki kowace sanarwa, ki ɗauko kalanda ki duba ko ranar ta dace da kwanan watan. Sau da yawa ana kawo mini takarda an rubuta Talata, alhali kwanan watan Laraba ya faɗa, kuma mai takardar ya karanta ta ya sake karantawa bai gani ba. Sai sunaye. A nan ne ake samun rigimar da ba ta mutuwa da wuri. Malamin da ya zama Farfesa kika rubuta masa Dakta, zai iya yafe miki a baki amma ba zai manta ba. Wani Muhammad yake rubutawa, wani Mohammed, wani Muhammadu; wani Faruk, wani Farouk. Kada ki zaɓa wa mutum yadda zai rubuta sunansa, ki tambayi ofishinsa. In taron ya haɗa da masu sarauta, to jerin wanda ya riga wani ba hurumin ɗaliba ba ne, ki karɓo shi a rubuce daga sama.

Wannan kalma, "a rubuce", ki riƙe ta. Wani malami zai tare ki a baranda ya ce, "'Yammata, sa mana sanarwa an ɗage jarrabawar gobe." Ki russuna ki ce, "To ranka ya daɗe, bari in sanar da oga." Ba rashin kunya ba ne. Sanarwar da ta shafi jarrabawa ko kuɗin makaranta ko gurbin karatu tana da ƙofar da take fitowa, galibi ofishin magatakarda, kuma ranar da abu ya ɓaci, wanda ya faɗa miki da baki zai ce bai tuna ba. Ko saƙon waya ne daga ogan naki, ki ajiye shi. Za su riƙa ce miki yanzu-yanzu ake so. Sauri ya haifi nawa. Minti biyar na sake karantawa bai taɓa hana taro ba.

Yanzu ga batun waya. Ke a ofis kina gaban babbar kwamfuta da intanet na jami'a, komai yana buɗewa nan take. Mai karantawa kuwa ƙaramar waya ce a hannunsa, fuskarta ta tsage, datarsa ta kwana ɗaya ce, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Hoto guda daga kyamarar waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. In kika jera goma a shafi ɗaya ba tare da kin rage su ba, kin cinye masa data kafin ya ga layin da ya zo nema. Ki rage kowanne ya dawo wajen kilobait 200, ido ba zai ga bambanci a waya ba. Duk abin da kika gama, ki buɗe shi a taki wayar da taki datar kafin ki ce kin gama. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wadda ni ba na so ko kaɗan: a ɗauki hoton takarda mai hatimi, a karkace, da inuwar hannun mai ɗauka, a ɗora a ce an yi sanarwa. Ba a iya neman kalma a cikin hoto, Google ba ya kawo shi yadda yake kawo rubutu, ɗalibi makaho kuma, wanda manhaja ke karanta masa shafi da murya, ba abin da zai ji. Ki buga rubutun da hannunki, sannan ki haɗa takardar a ƙasa don mai son ganin hatimi. Kowane hoto kuma ki rubuta masa ɗan bayani a gurbin da aka tanada; a WordPress, wanda shafuka da yawa a duniya suke kansa, gurbin yana nan kusa da hoton, cike shi ne kawai mutane ke ƙyuya. Rubutun rawaya a kan fari, ko ja a kan kore, ki bar wa masu katin biki. A cikin maza, kusan ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe wasu launuka sosai, yawanci ja da kore.

Abin da za a kai maɗaba'a kuwa, nan gonata ce, ki yi haƙuri in na tsawaita. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa, waɗanda muke kira CMYK. Shi ya sa koren da yake walƙiya a gabanki yakan fito a dushe a takarda, sai a zo ana yi wa mai bugu faɗa alhali laifin tun daga fayil ne. Ki fara aikin a CMYK tun farko. Hoton da za a buga a takarda ya kasance yana da ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka turo miki ta WhatsApp an riga an matse shi, ki ce a sake turo shi a matsayin fayil. Ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. In da manhajar zane ta CorelDRAW kika yi, ki mayar da rubutun ya zama zane kafin ki tura, don in mai bugu ba shi da irin salon harafinki, kwamfutarsa za ta musanya da wani, layuka su hau juna. In akwai Hausa a ciki, ki duba da idonki ko salon yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin da yawa daga masu kyan nan ba su da su, sai ki ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma. Kuma kada a buga dubu sai an buga ɗaya, oga ya gani ya sa hannu a bayanta.

Tambarin jami'a ba naki ba ne. Kada ki ja shi ya yi tsawo, kada ki sauya masa launi don ya dace da fostarki. Hoton da kika tsinta a intanet ma yana da mai shi, akwai kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da ta tsaya masa. Ki ɗauki naki, ko ki nemi wanda aka bayar kyauta a fili.

Sai amanar da ta fi nauyi, wato kalmar sirri. Daga ranar da ƙawayenki suka ji kina da hanyar shiga, za ki ga sababbin masoya. Wata za ta ce ki duba mata ko sunan ƙaninta ya fito kafin a saki jerin, wani ya ce lambar wayar wance kawai yake so. Amsar ɗaya ce, kuma ki faɗe ta da fara'a: ba ni da izini. Ko ni na tambaye ki, haka za ki ce mini. Sunan ɗalibi da lambar rajistarsa da makinsa da lambar wayarsa, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta rufe su, shiga inda ba a ba ki izini ba kuma laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015. Kada ki rubuta kalmar a takarda ki liƙa jikin kwamfuta, kada ki shiga da ita a kwamfutar shagon kasuwa, ko da nawa ne. In kika tashi, ko alwala za ki yi, ki kulle. In kuma kika ga wani shafi ya ɗauki tambarinku yana karɓar kuɗin gurbin karatu, ki kai wa oga a ranar. Na ga iyaye da aka yi wa wannan damfarar, adireshin shafin bai ƙare da edu.ng ba yadda na jami'a ya saba ƙarewa, amma ba wanda ya taɓa gaya musu su duba.

Fayilolinki ki ba su sunan da baƙo zai gane: abin da ke ciki da kwanan wata. Ki ajiye kwafi wuri biyu, ki kuma riƙa adanawa kina cikin aiki, tunda wuta ba ta sallama in za ta tafi. Wata rana za ki gama ki bar wurin, ɗalibin da zai gaje ki bai kamata ya yi ta kiranki kina hidimar ƙasa yana tambayar inda kika sa abu ba.

Game da karatu, ki zauna da ogan tun yanzu ki nuna masa jadawalin lakcocinki, ku yanke awannin da za ki riƙa zuwa, ki kuma gaya masa makon jarrabawa ba ki nan. Mai hankali ba zai ƙi ba. Alawus ɗin ki karɓa da godiya, amma digiri na tura ki nema. Aikin da ya kai magariba ki bar shi sai da safe, ko ki tafi da shi ɗakin kwana; ba na son ki zauna ofis ke kaɗai bayan an tashi. Fostar 'yan takarar ƙungiyar ɗalibai kuma, in za ki yi, ki yi a kwamfutarki da lokacinki, ki kuma faɗi kuɗinki ba kunya.

Mahaifiyarki ta ce a tambaye ki ko yajin da ta ba ki ya ƙare, ta kuma ce ki rage kallon kwamfuta da dare saboda idonki. Zan ba direban da ya saba kai miki saƙo filashi guda, na zuba miki salon haruffa masu ƙugiya da nake aiki da su. Fostar farko da za a kai bugu, in oga ya yarda, ki turo mini in duba launin kafin a yi farantin da injin zai buga da shi. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare.

Mahaifinki