Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanena da ya ce duk kanwar ja ce

Assalamu alaikum, ƙanena.

Tambayarka ta iso ni, kuma tunda a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan ba ka amsa. Cewa ka yi ni da nake sukar masu tseren mota a titi, ai ni ma ba a san ni da tafiyar hawainiya ba: ina da motar gudu, ina fita da ita in sha kwana, in saurari kukan inji. To me ya raba ni da samarin da ke tsayawa a danja suna taka totur suna harare-harare? Ka rufe da cewa duk kanwar ja ce, mu manya dai mun iya raɗa wa namu gangancin suna mai daɗi, wai tuƙin nishaɗi cikin hankali.

Akwai gaskiya a maganarka, zan zo kanta. Amma bambanci kam akwai shi, kuma ba a allurar maleji yake ba. Bambancin shi ne, wa ke da iko da ƙafarka ta dama.

Dubi yadda abin ke faruwa. Motoci biyu a danja, dare ya yi. Na kusa da kai ya taka totur sau biyu, salansa ta yi tsawa, ya sauke gilashi ya kalle ka. Fitila ta ba da hannu, kun fizga. Giya ta biyu, hancin motarsa yana daidai ƙofarka. Can gaba kana hango wata mahaɗa, da wata babbar mota a fake a gefe wadda ta tare maka ganin abin da ke bayanta. Da kai kaɗai ne, da tuni ka ɗaga ƙafa ba tare da ka yi shawara da kowa ba. Yanzu kuwa ɗaga ƙafa shi ne faɗuwa, domin dokar wasan ke nan: wanda ya fara sassautawa ya sha kaye. Idonka ma ya rabu biyu, rabi a hanya, rabi a kan bambarsa. Ka ga ke nan ƙafarka ta koma hannun wani mutum da ba ka san sunansa ba, ba ka san ko tayoyinsa sun suɗe ba, ba ka san abin da ya sha kafin ya fito ba. Shi ma tasa ƙafar tana hannunka. Mota biyu suna gudu, babu direba ko ɗaya da ke yanke shawara don abin da hanya ta nuna masa.

Mai tuƙin nishaɗi na gaskiya ba ya asarar komai in ya sassauta. Ya hango mai keke, ya ɗaga ƙafa, ya bi shi a hankali har ya samu wuri ya wuce, kwana ta gaba tana nan tana jiransa. Ba wanda zai yi masa dariya. Duk tuƙin da taka birki ya zama abin kunya a cikinsa, to tsere ne, ko da me aka kira shi.

Na san abin da za ka ce, don na sha jin shi daga bakin masu irin motocinmu: ai birkina ba irin na sauran motoci ba ne. Gaskiya ne, motar gudu mai kyawawan tayoyi a busasshiyar kwalta tana iya tsayawa daga kilomita 100 a awa cikin mita 35 ko ƙasa da haka. Sai dai lissafin ba a miƙe yake tafiya ba. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkuwa. Ɗauki motoci biyu iri ɗaya, ɗaya tana 100, ɗaya tana 140, su taka birki a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. A daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyu tana nan tana gudun kusan kilomita 98 a awa. Wannan kuma kafin a sa lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka ta gane akwai matsala ta aika wa ƙafa, wanda ba ya kasa daƙiƙa guda ga mutumin da abu ya zo wa ba zato. A gudun 160, daƙiƙa guda mita 44 ce. Kamfanin da ya ƙera motar ya inganta birki, bai taɓa wannan daƙiƙar ba.

Abin da ya fi damuna ma ba birkinka ba ne, lissafin sauran mutane ne. Mutumin da ke son fitowa daga lungu a titin da aka ƙayyade wa kilomita 50 yana hango fitilunka daga nisan mita 150. Abin da ya saba da shi duk rayuwarsa ya gaya masa yana da fiye da daƙiƙa goma, sai ya shigo. In kana 160, abin da yake da shi bai kai daƙiƙa uku da rabi ba. Bai yi kuskure ba. Kai ne ka ɓata ma'aunin da kowa ke aiki da shi. Mai tsallaka titi a ƙasa kuwa nasa ya fi muni: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65. Daga 50 zuwa 65 fa, ba a ma zo inda masu tsere ke wasa ba.

Haka ta faru a Berlin a daren 1 ga Fabrairun 2016. Samari biyu suka yi tsere a kan titin Kurfürstendamm, tsakiyar birni, suna keta jar fitila ɗaya bayan ɗaya. Ɗayansu, yana gudun da ya kai 160, ya daki motar wani dattijo ɗan shekara 69 wanda ya shigo mahaɗa a kan koriyar fitilarsa. Nan take ya rasu. A 2017 kotu ta same su da laifin kisan kai, abin da ba a taɓa yi wa masu tseren titi a Jamus ba. Shari'ar ta yi ta kai da komo tsakanin kotuna, amma a 2020 ɗaurin rai da rai ya tabbata a kan wanda ya yi karon. A dai 2017 ɗin Jamus ta mai da tseren titi babban laifi: ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko ba a taɓa kowa ba, har zuwa shekara 10 in an yi asarar rai. Ba su kaɗai ba ne. A Denmak tun 2021 'yan sanda na ƙwace motar mai tuƙin hauka ko da aro ya yi ta, a lardin Ontario na Kanada kuma a bakin hanya ake karɓe lasin na kwana 30, a tsare motar kwana 14.

Akwai wani saƙo a cikin dokar nan ta Jamus da ya shafi irina, kuma a nan ne gaskiyarka take. Dokar ba ta tsaya kan motoci biyu ba. Ta haɗa da direban da ke shi kaɗai, in ya yi tuƙin rashin kula da nufin ƙure iyakar gudun da zai iya. Wato masu dokar sun gane cewa mutum yana iya tsere ba tare da abokin karawa ba. Yana tsere da agogo, ko da allurar maleji, ko da wayar da ya maƙala a gilashi tana ɗaukar bidiyon da zai watsa. A 2021 wani attajiri ya kai Bugatti Chiron kilomita 417 a awa a kan babbar hanyar Jamus, a sashen da ba shi da ƙayyadadden gudu, ya saki bidiyon. Masu gabatar da ƙara sun bincika sun ajiye maganar. Ni dai ban ajiye ta ba. A wannan gudun mota tana cin fiye da mita 115 a daƙiƙa, kuma akwai wasu motoci a hanyar waɗanda direbobinsu ba a tambaye su ko sun yarda ba.

Da yawa cikin masu cewa su masu hankali ne, tsere suke yi a ɓoye. Inda na fi ganin haka shi ne fitar rukuni. Motoci takwas ko goma sun jeru a hanyar tsauni, na gaba ya san hanyar kamar tafin hannunsa, na biyar bai taɓa bin ta ba, amma ba ya son a ce an bar shi a baya. Sai ya riƙa shiga kwana da gudun da ya aro daga wani, yana yanka layin tsakiya don ya rage tazara. Babu wanda ya ce a yi tsere, amma ƙafarsa ta bar hannunsa kamar ta wancan na danja. In irin wannan ka gani har ka ce kanwar ja ce, ban ga laifinka ba.

To mene ne nawa ma'aunin? Ƙa'ida ɗaya ce, wadda ake koya wa direbobin 'yan sanda a Birtaniya: kullum ka kasance kana iya tsayawa, a hannunka, cikin tazarar da idonka ya tabbatar babu komai. A miƙaƙƙiyar hanya tana da sauƙi. A kwana ake gane mutum. Kana dosar kwanar da gefen dutse ya rufe. Ka dubi can inda bakin hanya na dama da na hagu suka haɗu a idonka. In wurin yana matsowa gare ka, kwanar tana ƙara matsewa ke nan, rage. In ya tsaya daidai da tafiyarka, gudunka ya yi. In ya fara guje maka, hanya ta buɗe, sai ka ba ta wuta a hankali. Ka gama birki tun motar tana miƙe, ka sauko giya, ka juya sitiyari sau ɗaya ba tare da gyare-gyare ba, tayarka ba ta taɓa layi ba. Wanda ya iya wannan ya san daɗin da nake magana a kai, kuma mafi yawansa ana samunsa ne ƙasa da gudun da allon hanya ya rubuta. Allon nan kuwa ban ɗauke shi shawara ba, doka ce. Cikin gari, gaban makaranta, hanyar da ke da gidaje a gefe, babu wani nishaɗi a can, tafiya ce kawai. Na'urar hana santsi kuma ba a kashe ta a titi, duk yadda mutum ya yarda da hannunsa.

Wani abin dariya shi ne, yawan ƙarfin inji yana rage wannan daɗin. Wasu manyan motocin suna haura kilomita 100 tun a giya ta biyu, ka ga kafin injin ya buɗe murya ka riga ka karya doka. Shi ya sa Mazda MX-5, da ta fito a 1989 da nauyin kusan tan ɗaya da ƙarfin doki ɗari da 'yan kai, har yau take da masoya. Kana iya bin giyoyinta ɗaya bayan ɗaya, ka ji motar tana aiki, ba ka tsorata kowa ba. Mai doki ɗari bakwai kuwa kullum yana cikin ƙaiƙayi, don ya biya kuɗin abin da titi ba zai bar shi ya taɓa ba.

Samarin danja suna ganin su ne magadan 'yan tsere. Su duba tarihi, 'yan tseren da kansu ne suka bar titi, kuma gawa ce ta kore su. A 1903 gwamnatin Faransa ta tsayar da tseren Faris zuwa Madrid a Bordeaux saboda mace-mace, cikin mamatan har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault. A 1907 aka buɗe Brooklands a Ingila, filin da aka gina musamman don tseren mota. Italiya ta ci gaba da tseren Mille Miglia a kan hanyoyinta har 1957, lokacin da tayar Ferrari ta Alfonso de Portago ta fashe, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, biyar yara. Daga nan aka rufe babin. Ƙwararru ke nan, a hanyar da aka shirya wa tsere. A Amurka kuma, Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don ya janye samari masu gyaran inji daga tituna ya kai su filin da ake auna gudu a miƙe. Tseren danja ɗin nan da kake gani, fiye da shekara 70 ke nan da aka gina masa gida.

Abin da filin tsere ke sayarwa ba kwalta ba ce. Kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai fitowa daga lungu. An duba tayoyinka da birkinka kafin ka shiga, kana da hular kwano, akwai masu tuta a kowace kwana da za su gaya maka abin da ke gaba tun ba ka gan shi ba, akwai fili da tsakuwa a inda a titi turken fitila ne, motar asibiti kuma tana fake. Sama da duka, kowa da ke ciki ya sa hannu ya yarda. Ko Nürburgring, filin tseren Jamus mai tsawon kusan kilomita 21, a ranakun da take buɗe wa jama'a ta hana auna lokaci, kuma ta gefen hagu kaɗai ake wuce mota. Ranar farko a irin wannan wuri tana sauke girman kai, musamman in wani mai ƙaramar mota ya wuce ka a kwana ya ɓace.

Za ka ce ba kowa ke da fili kusa ba, kuma da tsada, inshora ma yawanci ba ta biyan abin da ya faru a can. Haka ne. Ba ta biyan ɓarnar tseren titi ita ma, in ka karanta takardarka. Akwai tseren ƙananan motocin kat, akwai gasar zagaya robobi a rufaffen fili inda da wuya ka wuce giya ta biyu. In duk babu, to babu. Rashin fili bai mai da mai dawowa daga aikin dare abokin wasanka ba, kuma titin da ake cewa ba kowa da ƙarfe ɗaya na dare, dattijon Berlin ma a irin wannan lokacin ya fito. Kada kuma a kawo mini zancen tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tsautsayi daban, abin da mutum ya taka da ƙafarsa daban.

Ka kuma tambaya ko zan zo fitar da kuke shiryawa. Zan zo, bisa sharaɗi uku. A faɗi wuraren tsayawa tun kafin a tashi, don kada na baya ya ji dole sai ya kamo na gaba. Babu mai wuce ɗan'uwansa cikin jerin. Wayoyi kuma su zauna a aljihu. In wani ya zo gefenmu a danja yana taka totur, a bar shi ya tafi da nasararsa. Ka gaya wa sauran tun yanzu, wanda bai yarda ba ya sanar da kai, in san ko in fito da mota ko in bar ta a gareji.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka