Kukan kebul ɗin maleji: giris kaɗan yake so, ba cirewa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu domin in ja hankalin masu tsofaffin motoci da yaran gareji kan wani ƙaramin aiki da ake yawan ɓatawa. Da hunturu ya kama, sai ka ji mai Peugeot 504, ko tsohuwar Hilux, ko Marsandi 230, yana ƙorafin wani kuka a bayan sitiyari. Wani lokaci ƙyas-ƙyas ne kamar agogon bango, wani lokaci tsuwa ce kamar ta gyare, allurar maleji, wato agogon da ke nuna gudun mota, kuma tana rawa tsakanin 60 da 80. Abin da aka saba shi ne a zura hannu a cire kebul ɗin, a ce ai ba da maleji mota take tafiya ba. Kuka ya ɗauke, amma direba ya koma tuƙi da kintace a ƙasar da doka ta ce 50 a cikin gari, lissafin kilomita ya tsaya, ranar juyen baƙin mai kuma sai yadda hali ya yi.

Waɗannan motoci, har da 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba da lantarki malejinsu yake aiki ba. Wani ɗan haƙori ne a giyabos, galibi na roba, yake juya wata waya ta ƙarfe da aka tufka kamar igiya. Wayar tana cikin kube, bakinta biyu masu kusurwa huɗu ne, na sama yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyam wanda allura ke manne da shi. A motocin Japan wayar tana juyi 637 a kowace kilomita, ke nan a gudun 100 ta haura juyi dubu a minti ɗaya. Idan giris ɗin da ke cikin kuben ya shekara ashirin yana shan ƙura ya zama kamar busasshen ƙaro, wayar takan kama, ta murɗe, sannan ta saki gaba ɗaya. Wannan kamawa da sakin shi ne rawar allura, shi ya sa kuma abin ya fi tsanani da sassafe kafin mota ta ɗumama.

Kafin a kwance komai a tabbatar daga nan kukan yake. Kukan kebul gudun taya yake bi, ba ruwansa da inji. A taka totur mota na tsaye: shiru. A sa ta firi tana gangarawa: yana nan. Daga nan sai a cire kebul ɗin daga bayan maleji a ɗan zaga da motar. In har yanzu ana ji, laifin na kebul ne. In ya ɗauke, a fi zargin kan malejin kansa.

Aikin ba ya buƙatar kaya da yawa: sukudireba, filaya, tsumma mai tsabta, kananzir, da man shafawa. A fara cire kan batir na baƙar waya, don bayan dashbod cike yake da wayoyi tsirara. A kwance kebul daga sama. Wasu noti ne da ake murɗawa da hannu, wasu kilif ne na roba da ake dannawa, kuma robar da ta tsufa ba ta son ƙarfi. A kama bakin wayar da filaya a zaro ta a hankali. Yawancinsu ta sama suke fita saboda wani ɗan zobe da ke tokare su. Akwai waɗanda aka matse bakinsu biyu tun daga kamfani, ba sa zaruwa. Irin waɗannan kada a yi kokawa da su, sauyawa ake yi. Mai Volkswagen Beetle kuma kada ya wahalar da kansa a giyabos, nasa daga tayar gaba ta hagu yake tasowa.

A wanke wayar da kananzir, a goge, a bar ta ta bushe. Sai dubawa, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. A ja ta a cikin tsumma daga baki zuwa baki, ba da yatsa tsirara ba. Duk inda tsumman ya maƙale, silin ƙarfe ya tsinke. Sannan a riƙe bakin biyu, tsakiyar ta sauko kamar igiyar guga, a murza ta tsakanin yatsu. Lafiyayya sumul take juyawa. Wadda ta taɓa lanƙwashewa za ka ga ta yi tsalle a kowane juyi. Wannan ko an yi mata wanka da giris ba za ta daina kuka ba, kuma in ta ci gaba da cijewa haƙorin robar giyabos za ta cinye. A nemi wata a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, a tafi da tsohuwar don a gwada tsawo, domin wadda ta ɗara ko da kaɗan ne tana tura kan maleji ta cinye bushin ɗinsa, wato zoben da ke riƙe da sandar da ke juyawa a cikinsa. In da hali a kwance kuben ta ƙasa ma, a zuba kananzir ya bi ta ciki har ya fito fes, a hura iska ya bushe.

Man da ya dace biyu ne: na garafayit, wato sinadarin bakin fensir, wanda ake yi musamman don kebul, ko farin giris mai laushi. Giris ɗin boris mai kauri yana daskarewa da sanyi ya dawo da cutar da ake magani. Baƙin mai yana tsiyaya, na juye kuma har da garin ƙarfe a cikinsa. WD-40 yana taimakawa wajen wanki, amma ba ya zama, bayan 'yan makonni kukan zai dawo.

Yawan da za a sa shi ne gaba ɗayan maganar. Kamar ƙwayar gyaɗa biyu ya ishi kebul mai tsawon mita ɗaya da rabi. A shafa siriri, wayar ta yi sheƙi kawai, daga ƙasa har kusa da bakinta na sama. Taƙi guda na sama, wajen santimita 15 zuwa 20, a bar shi a bushe. Dalili kuwa, tufkar wayar tana aiki kamar sukuru, tana tura mai sama da kanta. In an cika shi, zai haye har cikin maleji ya shiga ɗan ratar da ke tsakanin maganaɗisu da kofi, ya haɗe su. Sai ka ga mota tana 40 allura ta ƙure maleji. Yaron da ya ɗauka yawan giris shi ne gwaninta, ya mai da gyaran kebul ya zama sayen maleji.

Wajen mayarwa, a zura wayar ana murza ta har a ji bakin ƙasa ya faɗa gurbinsa. Alamar ita ce ta ƙi juyawa da hannu. A goge abin da ya taru a bakin kube, a ɗaura noti da hannu kawai. A bi hanyar kebul ɗin da ido: kada ya taɓa salansa, kada ya goga da fedar kuloci, kada kuma a karya masa kwana. Duk lanƙwasar da ta fi bakin babban faranti matsewa ta yi tsanani.

Abu biyu ne giris ba ya warkarwa. In an zaro waya aka same ta jiƙe tana warin man giya, sil ɗin da ke bakin giyabos, wato robar da ke tare mai, ya mutu, shi za a sauya tukuna. In kuwa kan maleji ne ke kuka, ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki a wuyan tagullar da kebul ke shiga ya wadatar, a murza shi da ɗan ƙaramin sukudireba har ya sake. In yana girgiɗi hagu da dama, bushin ya cinye, sai a kai wa mai gyaran maleji.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani bakanike mai karanta jaridarku, Kano