Tocila ba ta mutu ba, datti ne ya kama ta

Malam edita assalamu alaikum, ina gaida ku da aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da mutane za su ce ƙarami ne, wato tocila, amma duk wanda ya kwana Maradi cikin watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wutar lantarki, ya san tocila ba abin rainawa ba ce, gida ko wane da ita ake shiga bayi, da ita ake duba akuya, da ita yara ke karatun lakwal.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne yadda muke zubar da su. A gidanmu kaɗai na ƙirga guda 5 cikin kwali wai duk sun mutu. Wadda ta fi ba ni haushi ta tsohuwarmu ce, cikin damina ta fita tsakar gida da dare ta danna ta ƙi kamawa, ta buga ta a tafin hannu kamar yadda kowa ke yi ta ɗan yi haske ta mutu, Allah ne ya kiyaye don kunama na nan bakin randa. Da safe na kwashi duka na kai ma wani dattijo mai gyaran rediyo nan babbar kasuwa, ya buɗe ya yi dariya ya ce ɗana ai huɗu daga ciki lafiyarsu lau. Gabana ya tashe su, ko ƙwan tocila ɗaya bai canza ba.

Ga abin da ya nuna mini. Pil, wato batir ɗin da ake sa ma tocila, ɗaya volt 1.5 ne kawai, biyu volt 3, wutar ba ta da ƙarfin da za ta keta tsatsa ko ƙura, shi ya sa ɗan datti kaɗan a kan sifirin ɗin gindi ko cikin makunni ya isa ya tsaida komai. Kuma mu nan ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, damina ta zo da raɓa ta jiƙa ta, sai ka ga jan ƙarfen ya yi kore shar. Bugun da muke yi mata yana goge wajen na ɗan lokaci ne shi ya sa take kamawa, amma yau da gobe waya ce za ta tsinke daga ciki.

Babban mai laifi dai pil ne da aka bari ciki ya yi ruwa. In pil ɗin irin wanda ake kira alkalin ne za ka ga farin gari kamar gishiri ya daskare, wannan ruwan lemun tsami ko binegar ke narka shi, ka naɗa auduga a tsinken ashana ka ɗan tsoma ka goga za ka ga yana kumfa. In kuwa irin masu arhar nan ne da suka cika tebur, su ruwansu tsami gare shi, sai ka jiƙa 'yar kanwa ko bikarbonat ka goge da ita. Kar ka taɓa da hannu ka kai ido, yana ƙuna wallahi. Bayan nan alkol na farmasi a wanke, a shanya ta bushe sarai kafin a maida pil.

Makunnin shi ya fi wuya don a rufe yake. Dattijon nan ɗiga alkol ya yi ta gefen maɓallin ya yi ta turawa gaba da baya ya fi sau ashirin har baƙin ruwa ya fito. Inda hannu ke kaiwa kuma gom na 'yan lakwal, abin goge rubutun fensir, ya sa ya goge ƙarfen sai da ya yi ƙyalli, ya ce kar in kankare da wuƙa don akwai ɗan shafe a saman ƙarfen, in ya tafi tsatsa ta fi saurin dawowa. Sifirin da ya kwanta ya ɗan ja shi ya miƙe. Sannan bazalin ɗan mitsitsi a zaren murfi, ba man gyaɗa ba, ba baƙin man mota ba, na ga masu yin haka kuma ƙura kawai suke tara ma kansu.

Masu ta caji ma haka ne, sau da yawa makunni ne ba batir ba, amma don Allah a zare ta daga kuran kafin a buɗe.

Roƙona ga masu saida pil a tebur, ku riƙa gaya ma mutane kar su haɗa sabo da tsoho, tsohon ne ke fashewa ya ɓata tocilar, kuma wanda zai ajiye tashi ya yi tafiya ya cire pil ɗin. Masu taunawa da haƙori wai ƙarfi ya dawo, musamman yara, a hana su. Ta biyar ɗin da ba ta tashi ba, ruwan pil ne ya cinye sifirin ɗinta gaba ɗaya, na bar ma dattijon ya cire ƙwan ya sa ma wani.

Naku mai karatu kullum,
daga unguwar Zariya, Maradi