Alƙalamina ya cije, an ce in koyi tattara hankali

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni malamar jami'a ce, ina karatun digiri na uku. Bayanan bincikena suna hannu, hirarrakin da na yi da mata manoma duk na kwafe su, babi na huɗu ne ya gagare ni. Da na buɗe kwamfuta sai kaina ya ɗaure. In rubuta layi biyu in goge, in koma ina gyaran waƙafi a babin da aka riga aka amince da shi. Ƙirjina ya yi nauyi, kamar mai duba aikina yana tsaye a kaina da jan biro. Ko lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya (ASUU) na 2022, wata takwas ba shiga aji ba duba takardun jarrabawa, babin nan bai motsa ba. Ga ƙarin girma ya rataya a kan maƙalolin da mutum ya buga, ga tsararrakina sun yi gaba.

Wata abokiyar aikina ta ce in gwada atisayen tattara hankali: kafin in fara rubutu in zauna shiru, in bi shigar numfashina da fitarsa, duk tunanin da ya zo in lura da shi in bar shi ya wuce ba tare da na yi kokawa da shi ba. Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a sashen koyon likitanci na Jami'ar Massachusetts ta Amurka, shiri ne na mako takwas don masu fama da ciwo mai daɗewa da matsin rai. Da na gwada, sai na ji abin da zuciyata ke ta faɗa mini a ɓoye: “Za a gane ba ki iya ba.” Ranar na samu sakin layi guda, kuma ban goge shi ba.

Inda hankalina bai kwanta ba, Hajiya, tushen abin daga addinin Buda yake. Ni kuma ina ganin yana kama da halarto da zuciya da malamanmu ke horo da shi a salla da zikiri. Shin in ci gaba, ko in nemi wannan natsuwa ta hanyar azkar ɗina na safe kawai? Sannan barcina ya ragu, nakan farka cikin dare gabana yana faɗuwa. Yaya zan gane ko cijewar alƙalami ce kawai, ko damuwa ce da ya kamata in kai wa likita? Maigidana yana ganin lalaci ne, yaya zan fahimtar da shi?

Don Allah a sakaya sunana.

Taki,
wata mai sauraro